Gwangwanin Sambo Ba Ya Son Rana

Gita ɗaya ce tak a orkes ɗin samariyar Magarya, wato makaɗan ƙungiyar matasan garin, kuma shekara biyu Sambo ne ke riƙe da ita. Ja ce, ta hannu, daga Kano aka sayo ta, wuyanta ya ɗan karkace, amma sun saba da juna. Kafin ita molo yake kaɗawa a bayan shanu, can wajen Guci. Fari ya zo ya share garken, ya bar masa sanda da igiyoyi, shi ne ya kwaso matarsa Fadi suka dawo gari. Da damina ya noma gyaɗa a gonar aro, ranar kasuwa ya yi dako, da yamma ya kaɗa gita. Mutum ne da ya haura arba'in, kuma in ka cire gitar nan, babu sauran abin da ake kiran sunansa a kai a garin.

A bazarar 1977, saura wata guda a tafi gasar samariya a Damagaram, sai ga Ajimi. Babarbare ne, ya yi shekara biyar a Kano yana aikin gareji yana kaɗa wa wani orkes, ya dawo gida da wando mai faɗin ƙafa da faifan waƙa guda. Faifan nan shi ya jawo komai. Aka sa shi a shagon Muttaƙa tela, wanda shi ne shugaban orkes, mutumin da in ya ga sabon abu barci ya ƙaurace masa. Gitar da ke cikin faifan ba kukan gita take yi ba. Gurnani take, mai kauri, mai kaushi, ta kama sauti ɗaya ta riƙe shi har sai ka ƙosa ta saki. Muttaƙa ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Mene ne wannan kuma?"

"Wani ɗan akwati ne," in ji Ajimi. "Tsakanin gita da amfuli mai ƙara sauti ake sa shi. Fuz ake ce masa. Na yi kiɗi da shi a Kano." Ya juyo wajen Sambo. "Kai bawana, ka taɓa jin irinsa a ruga?"

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, ba a fushi. Don haka Sambo ya yi dariya, ya ce tun yaushe bawa ya fara yi wa ubangijinsa tambaya. Amma dariyar a leɓe ta tsaya.

Da mutane suka watse, Muttaƙa ya riƙe shi.

"Malam Sambo, ba zan ɓoye maka ba. Kiɗanka da daɗi, amma molo kake kaɗawa a jikin gita. Mutanen Damagaram sun ji molo sun ƙoshi. Gita ɗaya muke da ita, mai gita ɗaya za mu ɗauka."

"Ajimin ya zo da akwatin ne?"

"Bai zo da shi ba. Na masu orkes ɗin ne."

"To in ni na kawo shi fa?"

Muttaƙa ya dube shi sama da ƙasa. "Jumma'a ta uku za mu yi gwaji a gaban sarkin samari. In gurnanin nan ya fito daga hannunka, gita taka ce."

Har ya isa gida Sambo bai san abin da ya kai bakinsa ga wannan magana ba. Mutumin da ko bayan rediyo bai taɓa buɗewa ba.

Takardar zanen yadda ake haɗa akwatin a wajen Mushe Inusa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya samo ta. Wani Bature ya bar masa tarin tsofaffin mujallu a saman kabad, ya kwana biyu yana tona su kafin ya yago shafin. Ya miƙa masa ya ce shi karantawa ya iya, haɗawa kuwa sai a je wajen Illa.

Illa mai gyaran rediyo yana da rumfa a bakin kasuwa, amma kwana uku kawai ake samunsa a mako, sauran kwanakin yana bin kasuwannin Dungas da Guci da Kwaya. Ga shi da ciwon baya, ga ƙarancin magana. Ya dubi takardar ya daɗe, ya ce shi rediyo yake gyarawa, ba ya ƙera abin da bai taɓa gani ba.

"Kaya zan ciro maka daga matattun rediyo. Hannu kuwa naka."

Ya zuba masa su a murfin kwano. Taransisto biyu, ƴan ƙananan ƙarafa masu ƙafa uku-uku. Wasu kamar ƙwayar shinkafa masu zoben launi, rezistans ke nan. Wasu kamar ƴan ganguna. Maɓallin murɗawa ɗaya, da pil, wato batir, guda biyu masu faɗi. Sambo ya dubi kayan nan, ya dubi takarda, bai ga inda suka yi kama ba ko kaɗan.

Daga ranar Illa ya shiga uku. Da ya buɗe rumfa zai tarar da Sambo a tsugune da takarda a hannu.

"Malam Illa, ƙafafun nan uku, wacce ce ta gaba?"

"Ka ga jan ɗigon nan a jikinsa? Ƙafar da ke kusa da shi ita ce ta sama a zane."

"Wannan mai zobba fa, yana da kai da gindi?"

"Ba shi da shi. Ko ta ina ka sa."

"Ɗan gangan fa?"

"Shi yana da shi. In ka juya shi ya lalace."

"To me ya sa ɗaya yana da shi ɗaya ba shi da shi?"

"Sambo, ni ma ba a gaya mini ba."

Launukan ne kaɗai ba su wahalar da shi ba. Wanda ya taɓa tantance shanu tamanin da ido ba ja da ruwan ƙasa za su ruɗa shi ba, sau ɗaya Illa ya nuna masa ya riƙe. Sauran kuwa sai a hankali. Wayar gita biyu ce a ciki, wacce ce ke ɗauke da sauti, wacce ce ake ɗaurewa a jikin gwangwani? Me ya sa a wannan zanen pil a juye yake shiga, ba kamar na tocila ba? Ya tambaya, ya je gida ya manta, ya dawo ya sake tambaya. Illa ya kai ga in ya hango shi sai ya dafe ƙugu.

Babban gwangwanin kifin sadin Sambo ya samo, ya huda shi da ƙusa, ya shimfiɗa kwali a ciki. Ya aro ƙarfen liƙi da dalma, yana ɗora ƙarfen a garwashin murhun Fadi bayan ta sauke tuwo. Taransiston farko a ranar ya kashe shi. Ya danna masa jan ƙarfe ya riƙe, yadda ya ga masu liƙin bokiti suna yi, don ya kama da kyau. Illa ya sansana abin ya jefar.

"Ka dafa shi. Riƙe ƙafar ake da awartaki, ka taɓa ka ɗauke. Saura biyu gare ni irin wannan. Ga ɗaya. In ka dafa shi kar ka dawo."

Mako guda ya tafi a haka. Yatsun hagu da yake danna tsirkiya da su duk sun yi bororo. Fadi ba ta ce masa ya bari ba, ba ta kuma ce ya ci gaba ba, sai dai ta bar masa garwashi ta shiga ɗaki. Ranar da ya gama ya haɗa gita da gwangwani da wata tsohuwar rediyo da Illa ya gyara masa don ta zama amfulin gwaji. Ya kaɗa. Ko tari abin bai yi ba.

Ya bi zanen layi-layi har sau huɗu, komai daidai. Ya jira Illa ya dawo daga Dungas, kwana biyu yana zaune kamar mai jiran gawa. Illa ya bi wayoyin da tsinke, ya tsaya a wani wuri.

"Me ya sa ka haɗa waɗannan biyun?"

"Kai ka ce in layi ya gitta layi, in da ɗigo a wurin a haɗa, in babu a tsallake. Ga ɗigon nan."

Illa ya kawo takardar kusa da ido. Ya sa farce ya kankare, ɗigon ya fita.

"Kashin ƙuda ne."

Bai yi dariya ba, shi ma Sambo bai yi ba. Sun gaji da yawa. Suka bi takardar gaba ɗaya da farce, suka sami wani guda.

Washegari bayan sallar asuba Sambo ya raba wayoyin, ya zauna a tsakar gida ya ja tsirkiya ɗaya. Abin ya yi gurnani. Kaji suka watse, Fadi ta fito da muciya a hannu. Ya sake ja, sautin ya fito da kaurinsa da kaushinsa, ya tsaya a iska bai faɗi ba. Ya kaɗa wata tsohuwar waƙarsa ta kiwo, ya ji ta zama wata aba daban, mai fushi, kamar ita ma ta tuna abin da aka rasa. Daɗi ya kama shi. Rabon da ya ji irin wannan daɗin ya manta.

Ya ajiye ya tafi dako. Da ya dawo bayan azahar ya ɗauka don ya sake ji, sai abin ya yi ƴar tusa ya yi shiru. In ya kaɗa da ƙarfi ya yi ɗan ƙara ya yanke, in ya kaɗa a hankali ba komai.

Nan aka shiga kwanakin da suka fi cin ransa. Da asuba gwangwani ya yi gurnani lafiya lau. Da hantsi muryar ta fara dishewa. Kafin azahar ta mutu. Ya canja pil, ya sake liƙa kowace waya, ya kwance ya ɗaura. Har ya fara zargin ko hannu aka sa masa, ya tofa addu'a a ciki. Ga shi gwajin bayan sallar Jumma'a za a yi, da tsakar rana, a filin gidan samariya, gasar Damagaram ma a fili ake yinta rana na dukan mutane.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, ya kai wa Illa da rana tsaka. Illa ya taɓa gwangwanin ya janye hannu, don ya yi zafi kamar murfin tukunya. Ya tsoma yatsa a butar alwala, ya ɗora a kan taransisto ɗaya ya riƙe.

"Kaɗa."

Sambo ya kaɗa. A hankali gurnanin ya taso. Illa ya ɗauke yatsa, ba a jima ba ya sake dishewa.

"Irin tsofaffin nan ba sa shiri da zafi," in ji Illa. "A ƙasar sanyi aka zana abin nan. Wanda ya zana shi bai san bazarar Magarya ba."

"Babu wasu irin da ke jure rana?"

"Akwai a Kano. Amma in ka sa su sai an canja sauran kayan, ni kuwa ban san lissafinsu ba. Iyakacina ke nan, Sambo. Bayana ma ciwo yake."

Sambo ya koma gida ya zauna a gindin zana. Fadi ta tambaye shi, ya gaya mata a taƙaice. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce:

"Malam, masu goro fa yaya suke yi? Shi ma ba ya son zafi, ga shi yana kai wata a hannunsu."

Ya ɗaga kai ya dube ta.

Kafin magariba ya samo tsumman algarara da kasko. Ya toshe ramukan gwangwanin da kakin zuma, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen algarara yadda ake naɗe goro, ya zaunar da shi a kaskon. Alhamis da azahar ya gwada a tsakiyar rana, gurnani ya fito. Sai dai abin yana da sharaɗi. In tsumman ya bushe murya ta tafi, kuma a wannan zafin kafin a gama waƙa biyu ya bushe. In ruwa ya yi yawa ya sami hanya ya shiga ciki, sai ƙara ta tsage kunne. Yayyafi ake da yatsu, ta gefen taransisto, ban da gefen pil, kuma tun kafin dishewar ta fito fili. Ya yini yana koyo har kunnensa ya riƙa jin ƙishin abin tun daga nesa.

Ranar Jumma'a aka fito da amfuli da batirin mota, masu ganga suka zauna, sarkin samari ya hau kujera a inuwar bishiyar bedi, mutane suka kewaye. Da Sambo ya ajiye kasko da ƙwaryar ruwa, Ajimi ya leƙo.

"Bawana, fura ka kawo mana?"

"Ta iyayengiji ce, bayi sai an rage."

Ya rataya gita ya ja tsirkiya. Ta babban amfuli abin ya fi na gida ninki goma. Maganar mutane ta tsaya cak. Muttaƙa ya miƙe tsaye bai sani ba. Sambo ya shiga waƙar farko, ganguna suka bi shi, ya ga sarkin samari yana kaɗa ƙafa. Ya gama ya shiga ta biyu. A tsakiyarta ya ji muryar ta fara ƙishi. Hannuwansa biyu suna kan gita. Ya yi sauri ko zai kai ƙarshe, bai kai ba. Dole ya tsaya, ya durƙusa, ya yayyafa, ya jira, masu ganga suna dubansa da sanduna a sama.

"A Damagaram ba za a jira mu ba," in ji Muttaƙa. "Ajimi, zauna ka riƙa zuba masa ruwan."

Ajimi ya naɗe ƙafar wando ya tsuguna, yana dariya. Ba mugunta ya yi ba, Allah ya sani. Sambo ya ce masa kaɗan-kaɗan, ta nan gefen. Aka sake tashi. Ajimi ya jira har murya ta mutu sannan ya kamfato ruwa ya sheƙa, amfuli ya yi wata ƙara da ta sa yara toshe kunne. Sai da Sambo ya kwance tsumman, ya goge, ya shanya gwangwanin a inuwa. Aka ba wani mai ganga ƙwaryar, shi kuma tsoro ya hana shi zubawa. Aka ba Muttaƙa da kansa, ya jiƙa gefen pil.

Rana ta fara karkata, sarkin samari ya dubi agogo. Muttaƙa ya share zufa, bai yarda sun haɗa ido da Sambo ba.

"Malam Sambo, bari mu juya, don mu gani kawai. Ba Ajimi gitar. Kai ka san abinka."

Sambo ya tsaya. Ya so ya ce ba haka aka yi da shi ba. Amma me aka yi da shi? An ce gurnani ya fito daga hannunsa, ga shi kuwa ba ya fita sai hannun nasa yana cikin ƙwarya. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa. Ajimi ya karɓa da hannu biyu, wannan karon bai yi wasa ba.

Sambo ya tsuguna a gaban kasko. Ajimi ya fara, kuma ya iya, babu amfanin musu. Ya san yadda ake barin sauti ya ja, ya san inda ake danne shi. Waƙa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, gurnani bai yanke ko sau ɗaya ba, don Sambo yana jin ƙishin tun kafin kowa ya ji, yatsunsa suna kai ruwa daidai inda ake so. Sarkin samari ya sunkuya ya yi wa Muttaƙa magana a kunne, Muttaƙa ya gyaɗa kai, ya zaro takardar sunayen masu tafiya da biro. Daga inda yake tsugune Sambo ya ga ya rubuta layi biyu.

Aka shiga waƙa ta uku, wadda za a rufe da ita. Sambo ya ji muryar ta fara dishewa, can ƙasa-ƙasa, inda ba wanda ya lura tukuna. Hannunsa yana cikin ƙwarya. Sai ya bar shi a ciki. Ya san in ya ƙirga ashirin bai motsa ba, abin zai mutu a hannun Ajimi a gaban kowa, ya ce gwangwani ya gaji, ba mai iya ƙaryata shi. A koma gita ba gurnani, a koma wurin wanda ya shekara biyu da ita. Ya ƙirga biyar. Ya ƙirga goma. Kaurin sautin ya fara zubewa, Ajimi ya waigo ya dube shi.

Mako uku ya yi yana ƙona yatsu kafin abin nan ya yi magana, yanzu ga shi yana shaƙewa a gabansa. Ransa ya ɓaci, da Muttaƙa, da Ajimi, da kansa fiye da kowa, don ya gane ba zai iya sauraron mutuwarsa ba. Ya ɗago hannu ya yayyafa ta gefen taransisto, kaɗan-kaɗan.

Gurnani ya dawo da ƙarfinsa, fili ya ɗauki tafi, mutane suna kiran sunan Ajimi. Sambo ya jawo ƙwaryar kusa, ya gyara tsugunno, don waƙar da sauranta.